Mai Daka a Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Ni ne ban kyauta ba, ba Yaya Sunusi ba. Gara in faɗi wannan tun daga farko, domin na san halina: idan na bari labarin ya yi nisa, zan lallaɓa in samo wa kaina uzuri a tsakiya. Na zarge shi da abin da bai yi ba, na faɗa a gaban mutane a bakin ruwa, na kuma janye kwanona daga ciyayyar ƙofar gidanmu, inda muke haɗuwa mu ci tuwon dare tun kafin mu yi aure. Duk wannan a kan wani fim na barkwanci da na shirya, aka kalla, ba a yi dariya ba.

Sunana Habu. Ina da ɗan shago a Tiga, ina cajin waya, ina tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Karatuna bai yi nisa ba. Yaya Sunusi ɗan wan babana ne, masunci, ya girme ni da 'yan shekaru. Gida ɗaya muka tashi, kaka ɗaya ta rene mu, wadda muke kira Iya. Ba zan iya bayanin laifina ba sai na koma wurinta.

Iya ba a garin Tiga na yanzu aka haife ta ba. Garinsu yana ƙarƙashin ruwa. Da aka yi dam aka tashe su, suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka hau tudu, ruwa ya zo ya rufe ɗakuna da rijiyoyi da kaburbura. Ba ta cika maganar ba. Amma idan kaka ta yi, aka shigo da masara aka zube a tsakar gida, bayan sallar isha'i takan sa a tara mu mu ɓare. Hannunmu na aiki, bakinta na aiki. Totuwar da muka ɓare ita ake jefawa a murhu, ita ce fitilarmu. Iya tana zaune a kan 'yar kujerarta, ta baza zaninta har ƙasa, ƙafafunta ba a gani.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya, nata na kanta. Sai ta ce, “Ga baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu ce, “A shigo da ita.” Idan ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta wuce gidan maƙwabta, mu yi ta roƙo. Ni takan kira ni maigidanta, irin wasan kaka da jika, ta ce ta auri miji mai idon ɓarawo, saboda kullum ina leƙe-leƙe.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Mai Daka. Mun ji ta har mun haddace, duk da haka ba mu taɓa gajiya ba.

Wai akwai wani masunci, sunansa Tanko. Wata rana da yamma lis, ya tura kwale-kwalensa har saitin inda tsohon gari yake. Ruwa ya kwanta, ba iska, ko tsuntsu babu. Sai ya ji daka daga ƙasa, can ƙarƙashin ruwa. Dum. Dum. Ya ce wa kansa kunnensa ne. Washegari ya koma, ya sake ji, amma ya fi na jiya kusa. Sauran masunta suka daina zuwa wajen. Shi kuwa a nan kifi yake, ga iyali, sai ya ci gaba da zuwa.

A nan Iya takan daina barin mu jefa totuwa a wuta. Ba ta cewa a daina, hannu kawai take ɗagawa. Wuta ta riƙa ja baya har ya zama garwashi ne kaɗai ke nuna fuskarta. Muryarta ma ta sauka, sai ka matso kafin ka ji. Kuma a daidai nan ne mukan fara jin dakan da kunnenmu. Dum. Can kuma, dum. Ba daga bakinta yake fitowa ba, domin tana cikin magana ake yin sa. Kamar daga ƙarƙashin ƙasar da muke zaune.

Ran nan Tanko ya ja komarsa ya ji ta yi nauyi. Dakan ya tsaya. Sai ga hannu ya kama gefen kwale-kwale, yatsu farare sun yi yamushi. Sai ga kai, gansakuka ta cakuɗe da furfura. Tsohuwa ta hawo da taɓarya a hannu, ta zauna tana fuskantarsa, kwale-kwale ko motsi bai yi ba, kamar ba a ɗora masa komai ba. Ruwa yana zuba daga hancinta da kunnenta. Ta ce, “Kai ɗan gidan wa?” Ya faɗi sunan ubansa. Ta ce ba shi take tambaya ba, uwar. Ya faɗa. Sai ta ce, “Tun ranar da ruwa ya zo nake neman jinin matar nan.” Ta fara matsowa. Tanko ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ta matso har ya ji sanyin numfashinta da warin laka a wuyansa. Ta kai bakinta kunnensa.

Iya sai ta yi shiru. Ba na jin akwai shirun da ya kai wannan tsawo a rayuwata. Ƙananan cikinmu sun cusa kai a cinyar manya. Yaya Sunusi, da yake shi ne babba, yana dannewa, amma ina jin ya matso ya manne da ni. Sai Iya ta saki murya, irin ta maƙwabciya da ta gaji da haƙuri:

“Ka gaya wa uwarka ta dawo mini da rariyata. Ranar tashi ta ara. Na gama daka tun tuni, da me zan tankaɗe?”

Abin da ke biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Mukan fashe har mu kwanta a kan masara. Matan gida da ke ɗaka, waɗanda suka ce su ba sa saurare, sai ka ji su ma sun tuntsire. Iya kuwa ko murmushi babu. Ta jira mu lafa, ta ƙara ƙarshen: wai da safe Tanko ya je kasuwa ya sayi sabuwar rariya ya jefa a ruwa, tsohuwa ta ɗago ta jujjuya ta, ta ce wannan ba tata ba ce, tata mai ɗinki a gefe ce, ya koma ya duba bayan randa. Mu sake kwanciya. Sannan ta ce baƙuwa ta tafi, a jefa totuwa.

To ni tun ina yaro ba na yarda da abu haka kawai. Dakan nan ya tsaya mini a rai. Na fara zargin matar kawuna, na ce ita ce ke laɓewa bayan rumbu da turmi. Na sa mata ido, na ga tana ɗaka tana shayar da jariri, daka kuwa ana yi. Na koma kan Yaya Sunusi, na ce sun haɗa baki da Iya, yana buga wani abu a bayansa. Wata rana na riƙe masa hannu biyu tun daga farkon labari har ƙarshe, ya zaci tsoro ne ya sa. Dakan bai fasa ba. Saura mutum ɗaya.

Daren da na kama ta, na zauna dab da ita. Ana kai wa inda wuta ta ja baya, na ga zaninta yana ɗan motsi daga ƙasa. Na bari sai da tsohuwa ta hau kwale-kwale, sannan na fizge gefen zanin. Ƙwarya ce a kife, Iya tana dukanta da diddige. Na miƙe na ɗaga ƙwaryar sama ina cewa ga Mai Daka, ga Mai Daka. Yara suka ɗan yi dariya, irin ta wanda aka tashe shi daga barci. Wani ya jefa totuwa, haske ya dawo.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta gyara zaninta ta ci gaba da labari daga inda ta tsaya, har ta kai wurin rariya. Ta faɗa yadda ta saba faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Wata ƙanwarmu ta yi hamma. Iya ta dube ni ta ce, “Ka kama ni, maigida. To yanzu sai ka biya su dariyar da ka zubar.”

Ban gane ba. Ni a wurina na ci nasara, na gano gaskiya. Yaya Sunusi ne ya ranƙwashe ni a ƙeya da muka shiga ɗaki, na yi kwanaki ina jin haushinsa. A kakar nan Iya ba ta sake yin Mai Daka ba, sai da shekara ta zagayo.

Allah ya ji ƙan Iya, ta daɗe da rasuwa. Na girma, na buɗe shago, fina-finai suka zama abin da nake gani safe da yamma. A ciki akwai irin waɗanda ake ɗauko fim ɗin ban tsoro a mai da shi abin wasa: fatalwa ta fito ta yi tuntuɓe, aljani ya ji tsoron kaza. Na lura matasa suna karɓarsu, na kuma ga yaran garin Ƙofa sun fara yin nasu gajeru da waya ana yaɗawa. Sai na ce ai mu ma muna da namu a gida, ga ruwa, ga kwale-kwale, ga labari. Na sami mai waya mai kyamara mai kyau, na yi magana da wani mai haɗa hoto a Tudun Wada, na je wa Yaya Sunusi da maganar ya fito a Tanko. Ni zan fito a tsohuwa.

Ya yarda ba musu. Ya bar kamun safiya har sau da dama saboda ni. Amma tun ranar farko muka fara saɓani. Ni na shafa garin rogo a fuska, na lulluɓa da tsohon gidan sauro, na sa baƙin tabarau. Na tsara cewa tun buɗewar fim za a nuno ni a bakin ruwa ina rawa da taɓarya, ina tambayar inda zan yi caji. Rariyar ma na rataye ta a hoton talla, don mutane su san wasa ne. Tanko kuwa na ce duk lokacin da ya ji daka ya juyo ya kalli kyamara ya murguɗa baki.

Yaya Sunusi ya ajiye filafilin tuƙa kwale-kwale ya ce, “Habu, idan Tanko bai ji tsoro ba, wa zai ji?”

Na ce ai ba tsoro muke sayarwa ba, dariya ce. Ya ce a bari yamma ta yi sosai, a ɗauki ruwa shiru, kada a nuna tsohuwa sai can. Na ce wannan na zamanin Iya ne, yanzu idan ba ka ba mutum dariya nan take ba zai wuce ka da yatsa. Ya ce to, fim ɗinka ne. Ya yi duk abin da na ce. Amma murguɗa bakin nan nasa kamar mai ciwon haƙori. Tun a lokacin na fara ajiye abin a zuciya: mutumin nan bai so a ce ni ne na shirya ba.

Mai haɗa hoto ya ƙara mana ƙarar santsi duk inda aka faɗi, ya sa dariyar mutane da aka naɗa a bayan kowace magana. Na kalla a shago ni kaɗai na ce an gama.

Ɗanjuma mai gidan kallo ya ba mu wata yamma da babu ƙwallo. Gida ya cika fiye da yadda na zata, har da dattawan masunta da ba su taɓa shiga wurin ba. Kafin a fara na hango Yaya Sunusi a gefe yana yi wa wasu magana ƙasa-ƙasa, suna gyaɗa kai. Da suka gan ni suka yi shiru. Ya je ya zauna can baya kusa da ƙofa.

Aka kunna. Na fito ina rawa, yara biyu suka ƙyalƙyale, wani ya ce ga Habu mai caji. Daga nan shi ke nan. Dariyar cikin talabijin tana ta tashi, mutanen da ke kan benci suna zaune kamar masu jiran likita. Wani dattijo ya yi wata dariya guda ɗaya, busasshiya, a inda ba abin dariya, ya waiga ya ga shi kaɗai ne, ya maida ita tari. Na ce a raina bari a kai wurin rariya. Aka kai. Na faɗi maganar Iya kalma da kalma. Ƙarar janareta kawai nake ji. Na waiga baya, wurin Yaya Sunusi babu kowa.

Daren nan ban nemi laifin fim ba ko kaɗan. Na nemi wanda ya yi mini. Na fara da Ɗanjuma, na ce ya rage murya da gangan. Na koma kan mai haɗa hoto, na ce yaran Ƙofa sun saye shi. Har na yi tunanin ko an yi wani abu ne aka ɗaure bakin mutane, Allah ya yafe mini. Amma duk inda na zagaya sai in dawo kan mutum ɗaya. Wa ya ƙi tsarin tun farko? Wa ya ɓata fuska a gaban kyamara? Wa na gani yana raɗa? Wa ya fita kafin a gama? Da na bincika sai aka ce mini ai kwanakin nan kafin kallo, Yaya Sunusi gida-gida ya riƙa bi a unguwar masunta. Ban tambayi me ya je faɗa ba. Na riga na sani, a ganina.

Matata ta ce in bi a hankali, ita ma ta kalla a waya kuma, sai ta bar maganar ba ta ƙarasa ba. Na ce ita ma an biyo ta nan ke nan.

Da safe na sauka bakin ruwa lokacin da kwale-kwale ke dawowa, masu sarin kifi sun cika wurin, maza da mata. Yana tsaye a ruwa zuwa gwiwa yana fito da koma. Ban ko gaishe shi ba. Na ce na san abin da ya yi, ya bi gari ya hana mutane dariya saboda hassada, saboda ƙaninsa ya yi abin da shi bai iya ba. Na ce tun muna yara haka yake, ba ya son a ga wayona. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya tsaya da koma a hannu yana kallona. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ka gama?” Na ce na gama. Ya ci gaba da aikinsa.

Daga ranar na ce a daina fitar da kwanona ƙofar gida. Wanda ya san ciyayya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowane magidanci a layinmu yana fito da tuwonsa a haɗa a ci, idan kwanon mutum ya ɓace kowa ya san akwai magana. Aka aiko, na ce ba ni da lafiya. Aka sake aikowa, na ce ina shago. 'Ya'yana suka daina shiga sashensa, nasa suka riƙa gaishe ni daga nesa. Damina ta ƙare muna haka.

Har Badafi na kai fim ɗin, gidan surukaina, inda ba wanda ya san Yaya Sunusi. Na tara samari a ƙofar gida na kunna musu. Suka kalla cikin ladabi, ɗaya ya tambaye ni ko kifin Tiga yana tsada yanzu. A hanyar dawowa, a kan babur, na ce wa kaina ai yanzu akwai waya, magana tana riga mutum isa.

Da kaka ta yi aka shigo da masara, na fara jin dariya daga sashen Yaya Sunusi bayan isha'i. Dangar kara ce tsakaninmu. Na tabbata da ni ake. Na ce yana kwaikwayon rawata ne yana ba iyalinsa nishaɗi. Sai na ƙudura zan kama shi da kunnena, in sami abin da zan kai gaban manya. Wani dare na zagaya ta bayan gida, na tsuguna jikin dangar, kusa da turken awakinsa, ni da gemuna.

Ta tsakanin kara na hango su. Yaransa da na maƙwabta sun kewaye tarin masara. Har da babbar 'yata, wadda na hana zuwa. Yana zaune a kan buhu, wuta tana ci da totuwa. Ba sunana a bakinsa. Tanko ne ya tura kwale-kwale.

Na so in tashi, sai na ce bari in ji ko zai sako ni a ciki. Ya ɗaga hannu, yara suka daina jefa totuwa. Muryarsa ta sauka. Yaya Sunusi ba gwanin magana ba ne, amma ya san ruwan nan, ya san yadda yake yin shiru da yamma a saitin tsohon gari, ya faɗe shi yadda yake. Sai na ji dum. Na san dabara ce, ni ne ma na taɓa tona ta. Na san rariya ce a ƙarshe. Amma ina tsugune ni kaɗai a duhu, bayana yana fuskantar ruwa, iska mai sanyi tana tasowa daga can. Da aka kai inda hannu ya kama gefen kwale-kwale, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Da tsohuwa ta ce tana neman jinin matar nan, na kasa waiwayawa baya. Ya kai bakinta kunnen Tanko, ya yi shiru. A cikin shirun nan wata akuya ta hura mini numfashi a wuya.

Ban yi ihu ba, Allah ya rufa asiri, numfashina ne ya ɗauke. Kafin ya dawo, Yaya Sunusi ya saki maganar rariya da muryar tsohuwar da ta gaji. Abin da na daɗe ban yi ba ya kufce mini. Na yi dariya har na faɗa jikin danga, kara ya karye, na shigo tsakar gidansa da kafaɗa.

Yara suka watse da gudu, wasu suna kuka, sun zaci Mai Daka ce. Da aka haska suka ga ni ne, sai dariyar ta koma kaina. 'Yata ta ɓuya bayan matarsa. Yaya Sunusi ya dube ni ina kakkaɓe ƙasa, ya ce, “Akwai ƙofa ai.”

Matarsa ce ta faɗa mini sauran, tana tattara yara, ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce gida-gidan da ya bi, roƙon mutane ya je yi su zo su cika mini benci. Raɗar da na gani, cewa yake idan sun ga wurin dariya su taimaka su yi, ko ba ta zo ba. Dattijon nan mai tari ƙoƙarinsa ke nan. Fitar da ya yi kuwa, ta ce ya dawo gida ya zauna bai ci abinci ba, ya ce ba zai iya kallon fuskata ba idan aka kunna fitila.

Na zauna a kan masara.

Tun daga ranar nake juya abin. Yanzu idan na tura wa mutum irin fina-finan nan nakan kalla da wani ido, kuma mafi yawansu ciwona ne ke damunsu. Suna gudun kada mai kallo ya ji tsoro ko na ɗan lokaci, sai su yi ta ƙyafta masa ido tun daga farko, suna cewa wasa ne fa. Wanda ke cikin labarin bai ɗauki abin da gaske ba, to mai kallo me zai riƙe? Dariyar da muke yi a gaban Iya numfashi ne da ta sa muka riƙe, muka riƙe, sannan ta buɗe mana. Ni ban sa kowa ya riƙe komai ba, na zo ina cewa a saki. Kuma akwai raini a ciki. Na ɗauka labarin tsofaffi ne, sai na yi masa ado da tabarau kafin ya shiga mutane. Iya kuwa kabarin mahaifinta yana ƙarƙashin ruwan nan. Ba ta taɓa raina tsoron ba, shi ya sa da ta juya shi ya zama rariya muke faɗuwa. Abin da na yi da ƙwarya ina yaro shi na sake yi da kyamara ina babba, na ɗaga zani tun ba a kai ko'ina ba. Bambancin kawai, wancan karon an bar ni da kunyata, wannan karon na nemi wanda zan ɗora wa.

A daren da na karya dangar na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi wa masu jefa totuwa. Ya ce, “Ba a nan ka faɗa ba, Habu.”

Gaskiyarsa. Da safe na sauka bakin ruwa. Ban taɓa jin gangaren nan ya yi mini tsawo haka ba. Na jira sai da kwale-kwale suka taru, masu sari suka cika, waɗanda suka ji na farko yawancinsu suna nan. Yana cikin ruwa yana fito da koma. Na cire takalmi na shiga har inda yake, na gaishe shi yadda ƙani ke gaida wansa, sannan na ɗaga murya yadda na ɗaga a wancan karon.

“Jama'a, ku da kuka ji ni ranar nan, ku sake ji. Ƙarya na yi wa Yayana. Bai hana kowa dariya ba, fim ɗina ne ba shi da ita, ya kuma gaya mini tun farko na ƙi ji. Shi roƙonku ya je yi saboda ni, ni kuma na zo nan na kira shi mai hassada. Yaya, ba ni da hujja ko ɗaya. Na ci mutuncinka a gaban abokan sana'arka, na raba 'ya'yanmu, na janye kwanona daga gabanka. Don Allah ka yafe mini. In ka yarda, yau da daddare zan fito da tuwona.”